Malam, ka ɗan yi shiru yaran nan su yi magana mana

Kwanakin baya na zauna a bayan wani ajin koyon Faransanci, ɗalibai arba'in, darasi na minti 40. Malamin ya iya harshen fa, wannan ba tantama, ya cika allo tam da yadda aikatau ke sauyawa, ni kaza, kai kaza, mu kaza, su kaza, yara suna binsa da ƙarfi har ajin da ke kusa ana jiyo su. Can wajen ƙarshe sai ya nuna wata yarinya ya tambaye ta da Faransanci me ta yi jiya. Ta miƙe, ta buɗe baki, kana kallon idonta ka san laluben kalmar take kuma saura kaɗan ta cafko ta, amma ina, malam har ya ba kansa amsa, ya ce zauna, ya juya allo.

Toh mu ɗan yi lissafi. In malam ya cinye minti 30 yana bayani, saura 10, ka raba wa yara 40 ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tashi da sakan 15 kenan. Sakan 15! Alhali cibiyar da ke koya wa jami'an diflomasiyyar Amurka harsuna ta ƙiyasta mai jin Turanci sai ya yi awa 600 zuwa 750 a aji kafin ya iya aiki da harsuna irin Faransanci da Sifaniyanci, Larabci da Sinanci kuwa wajen awa 2,200, kuma waɗannan manya ne da ba su da wani aiki sai karatun. Amma wannan minti goman dai, in ka haɗa yaran biyu-biyu kowa ya fuskanci ɗan uwansa, kowane yaro zai samu minti biyar yana magana, ninki ashirin kenan, ba a ƙara ko minti ɗaya a jadawali ba.

Wannan koyarwa ta haddar nahawu da fassara gadonta aka yi daga yadda Turawa ke karantar da Latin da tsohon Girkanci, harsunan da littafi kawai ake karantawa da su, ba wanda zai tare ka a hanya ya gaishe ka da su. Sai aka ɗauko tsarin aka ɗora wa harsunan da ake magana da su kullum, shi ya sa za ka ga ɗalibi ya ci jarrabawa da maki mai kyau, ya karɓi satifiket, amma a ce ya amsa waya da harshen sai gumi.

A shekarun 1980 masanin koyon harshe Stephen Krashen ya dage cewa harshe na shiga ne ta hanyar jin abin da mutum yake ganewa, wanda ya ɗan ɗara matakinsa kaɗan, kuma tsoro da fargaba suna toshe shigarsa. Na yarda da shi sosai, yaro ya ji labari, ya kalli bidiyo, ya karanta ƙananan littattafai masu sauƙi da yawa. Sai dai ji kaɗai bai isa ba. A Kanada tun 1965 aka fara sa yara masu jin Turanci a azuzuwan da komai da Faransanci ake koyarwa, lissafi ne, kimiyya ce, komai, kuma bayan shekaru sai wata mai bincike, Merrill Swain, ta lura yaran suna gane magana kusan kamar 'yan asalin harshen, amma in su za su yi magana ko rubutu nahawunsu na tangal-tangal. Abin da ta kawo a 1985 shi ne sai an matsa wa ɗalibi ya haɗa jimla da bakinsa tukuna yake gane inda ramin yake. Mai sauraro yana iya cankar ma'ana ya wuce, mai magana kuwa ba hanyar zillewa, dole ya zaɓi kalmar.

Na san abin da malamai za su ce, kuma ba ƙarya suke ba: aji zai kaure da hayaniya, yara za su koma hira da harshensu, kuma za su riƙa koyon kuskuren juna. Eh hakan na faruwa, musamman in ka ce musu kawai “ku yi hira”, hirar me? Amma ka ba ɗaya hoto, ɗayan ka ba shi kusan irinsa da bambanci biyar, ka hana su leƙa na juna, ka ce minti huɗu su nemo bambancin da baki, za ka ga yaron da bai taɓa ɗaga hannu ba yana ta ƙoƙari don yana son ya riga na kusa da shi gamawa. Irin wannan wani masanin koyar da Turanci, N. S. Prabhu, ya yi a Bangalore ta Indiya daga 1979, da taswira da jadawalin jirgin ƙasa yake koyar da Turanci, hankalin yaro na kan warware matsalar, harshen yana shiga ta gefe.

Batun jira kuwa, wata mai bincike, Mary Budd Rowe, ta auna shi a azuzuwan kimiyya, ta ga malamai kusan sakan ɗaya suke jira bayan tambaya, in aka kai uku amsoshi kan yi tsawo kuma masu amsawa su ƙaru. Wannan fa da harshen da yaro ya iya kenan, ina ga wanda sai ya tono kalma ya jera ta.

Gyaran kuskure ma akwai gyara a cikinsa. Masu bincike Lyster da Ranta a 1997 sun ga fiye da rabin gyaran malamai maimaita jimlar ce daidai su wuce, kuma sau da yawa yaro bai ma san an gyara masa ba, ya zaci malam gasgata shi yake. Gara ka ɗan tsaya, ka ɗaga gira, ka bar shi ya gyara da kansa. In kuma suna tsakiyar aikin biyu-biyu ne kar ka katse su, rubuta kurakurai uku da suka fi yawa, a ƙarshe a hau allo da su, nan ne nahawu yake da daɗin sha don yanzu sun san amfaninsa.

Ba na cikin masu cewa a haramta harshen uwa a aji kwata-kwata irin na makarantun Berlitz da suka faro a 1878. Kalma ɗaya ta fassara ta fi minti biyar malam yana ta kwatance da hannu. Laifin ma ba na malamai ne duka ba, in jarrabawa cike gurbi ce kawai toh cike gurbi za a koyar. Ma'aunin harsuna na Majalisar Turai (Council of Europe) da ya fito a 2001, mai matakai daga A1 zuwa C2, abin da ɗalibi zai iya yi da harshen yake dubawa, kamar gabatar da kansa ko ba da labarin abin da ya faru, ya kamata masu tsara jarrabawa su leƙa shi.

Da aka tashi na tsayar da yarinyar nan a bakin ƙofa na sake yi mata tambayar, na yi gum ina ƙirge a raina. Sai da na kai shida sannan ta ce jiya ta je wajen yayarta sun kalli fim, ta sa “le” inda ya kamata ta sa “la”, ta tsaya, ta gyara, ta ruga ta bi ƙawayenta.