Makarantun kuɗi na tsakiyar Johannesburg: a raba aljihun mai makaranta da asusunta

A tsakiyar Johannesburg ta Afirka ta Kudu, wajen unguwannin Hillbrow da Braamfontein, akwai makarantun kuɗi a cikin benayen da a da ofisoshi ne. Wasu ba su da filin wasa, sai ka ga yara sun cika matakala lokacin tara, ƙarar motocin haya na shigowa ta taga. Yawancin ɗaliban baƙar fata ne, wasu daga Soweto, unguwar baƙar fata da ke gefen birnin, suke yin sammako, wasu kuma 'ya'yan baƙi ne daga Zimbabwe da Kwango.

Iyayen nan ba burga ta kai su ba. Dokar ilimin Bantu ta 1953, ta zamanin mulkin wariyar launin fata, ta gurgunta makarantun baƙar fata da gangan, kuma bayan boren ɗaliban Soweto na 1976 karatu ya daɗe bai daidaita a unguwanninsu ba. Mai ɗan hali sai ya tura ɗansa cikin gari.

A ganina, babbar matsalar yawancinsu ta shugabanci ce. Dokar makarantu ta 1996 ta wajabta wa kowace makarantar gwamnati kwamitin gudanarwa wanda iyaye ke da rinjaye a cikinsa, amma ba ta ɗora wa masu zaman kansu wannan ba. Saboda haka a ƙananan makarantu mai makaranta shi ne wuƙa, shi ne nama: shi ke karɓar kuɗi, shi ke ɗaukar malami, shi ke korarsa. Idan kuɗin hayar bene ya taso, albashi ne ke jira. Malamin lissafi ya gaji ya tafi ana tsakiyar zango, ɗan ajin ƙarshe ya tunkari jarrabawar matric ta kammala sakandare ba mai koya masa.

Masu cewa a rufe su kawai suna da hujja kan waɗanda ba su da rajista, kuma ma'aikatar ilimi ta Gauteng, lardin da Johannesburg ke ciki, tana yin hakan. To amma a kai yaran ina? Kowace Janairu sai an ga iyaye a layi suna neman gurbi a makarantun gwamnati.

Gwamnatin lardi tana ba makarantu masu rangwamen kuɗi tallafi, muddin ba don riba aka kafa su ba, kuma suna miƙa lissafin da akanta ya tantance. A nan ya kamata ta matsa. Ta ƙara sharaɗin kafa kwamiti mai kujerun iyaye da malamai, a fitar da kuɗi da sa hannun mutum biyu, sannan a liƙa lambar rajistar makarantar da sunayen malaman da hukumar malamai ta ƙasa, SACE, ta yi wa rajista a bakin ƙofa, inda kowace uwa za ta karanta kafin ta biya.