Abin da wani rahoto ya bari game da Béla Tarr

Na karanta wani rahoto kan Béla Tarr, daraktan fina-finai ɗan ƙasar Hungari, amma na ga an tsaya ne kawai kan tsawon fim ɗinsa Sátántangó na 1994, wanda ya haura awa bakwai. Ni kuwa abin da ya zauna mini a rai shi ne farkon fim ɗin, inda kyamara take bin garken shanu cikin taɓo a wani ƙauye da ya lalace, mintuna da dama ba a yanke ba, har mai kallo ya ji nauyin talaucin wurin a jikinsa. Ya kamata kuma a ambaci cewa bayan fim ɗinsa na 2011, Tarr ya buɗe makarantar koyar da matasa aikin fim a Sarajevo, babban birnin ƙasar Bosniya.