Albarka, In Ji Alhaji

Ɗan Boko: Salamu alaikum, Alhaji, barka da…

Alhaji: Albarka.

Ɗan Boko: Ranka ya daɗe, ai ban taya ba tukuna. Gaisuwa nake yi.

Alhaji: Na ga fuskarka. Fuskar masu neman ragi ce. Gara ka ji amsar tun kana tsaye, kada ka ɓata min kujera.

Dillali: Haba Alhaji, wannan babban mutum ne. Kuɗi hannu ya zo da su, ba ya son dogon zance.

Ɗan Boko: Rabi ne a hannu. Sauran rabin, banki ne zai ba ni bashi.

Dillali: To ai hannun banki ma hannu ne.

Ɗan Boko ya buɗe jaka ya zaro takardu, har da jadawali mai launi. Gidan Alhaji ya zo saye. Kwana ya yi a intanet yana haddace dokokin ciniki, kuma babbar cikinsu ita ce kada mai gida ya gane kana son gidan. Ya karanta wa matarsa wannan doka a mota, ta ce ta ji.

Ɗan Boko: Alhaji, na bincika. Gidaje 3 aka sayar a layin nan cikin wata 6, girmansu ɗaya da naka, ɗakuna huɗu huɗu. Kuɗin da ka sa ya ɗara na mafi tsadarsu da kashi 30 cikin 100.

Alhaji: Waɗannan matsuwa ce ta sa suka sayar. Ni na yi maka kama da matsattse?

Dillali ya sunkuyar da kai yana duba takalminsa. Shi ne Alhaji ke kira kullum kafin ya ƙarasa wanke fuska, yana tambayar ko an samu mai saye.

Alhaji: Kuma me ya hana ka lissafa na kan kwana? Shi ya sa kuɗi fiye da nawa.

Ɗan Boko: Sa kuɗi daban, sayarwa daban, Alhaji. Shekararsa 2 da allo a ƙofa, ko tayi bai samu ba. Da abin da aka biya ake auna kasuwa, ba da abin da aka nema ba.

Alhaji: Ka gani? Mu biyu ne muka rage masu mutunci a layin.

Ɗan Boko: Naka allon ma ai rubutun ya koɗe.

Alhaji: Ka tuna min. Dillali, rubuta kuɗin fenti a kan farashi.

Ɗan Boko: Ga kuma rahoton injiniyan da na kawo ya duba ginin. Akwai tsaga a bangon falo daga sama har ƙasa.

Alhaji: Tsagar nan ta girmi ɗana na fari. Ba ta taɓa yi wa kowa rashin kunya ba. Lokacin zafi ta nan iska ke shigowa, wasu sai sun biya mai gini ya huda musu.

Ɗan Boko: Rufin ɗakin tsakiya yana yoyo.

Alhaji: Yau ya yi?

Ɗan Boko: Yau ba a yi ruwa ba.

Alhaji: To me ya kawo ƙazafi? Rufin da sai an tsokane shi daga sama yake magana?

Ɗan Boko: Wayoyin lantarki sun tsufa, ya ce sai an sauya su duka. Famfon bayan gida kuma ba ya kawo ruwa.

Alhaji: Da tsohuwar zuma ake magani. Wayoyin yanzu wata nawa suke yi? Famfo kuwa ni na hana shi, don koya wa yara tattali.

Ɗan Boko: Hanya biyu ce, ranka ya daɗe. Ko ka gyara kafin mu sa hannu, ko a cire kuɗin gyaran daga farashi. Ga ƙiyasin a rubuce.

Alhaji: Akwai ta uku. Ka biya yadda na ce, ka gyara yadda kake so, in na zo wucewa in sa maka albarka.

A nan ne matar Ɗan Boko ta leƙo daga ciki, idonta yana ƙyalli.

Uwargida: Malam, ka ga ɗakin girkin nan kuwa? Wallahi in ba gidan nan ba, ba na son kowane gida. Har na ga inda zan ajiye firji.

Ɗan Boko: Hajiya, me muka ce a mota?

Uwargida: Ka ce kada in nuna. Ai ban nuna ba, faɗa na yi.

Alhaji: Allah ya yi miki albarka, 'yata. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Dillali, ƙara kashi 5.

Ɗan Boko: To bari in taya. Na cire kashi 20 daga abin da ka sa.

Alhaji: Albarka.

Ɗan Boko: 15.

Alhaji: Albarka. Ka san da hannuna na ɗora tubalin farko? Ka san a ɗakin can na yi jinyar ƙafa wata guda? Bishiyar tsakar gida ni na dasa ta, ni na yi mata ban ruwa da buta.

Ɗan Boko: Alhaji, banki zai turo nasa mai ƙiyasi. Abin da ya ce gidan ya kai, a kansa za su ba da bashi. Ba ya lissafa jinyar ƙafa.

Alhaji: Ku turo shi. Zan nuna masa ƙafar.

Dillali ya ga la'ada tana neman sulalewa. Kada wani ya ruɗe ka da cewa dillali na ɓangaren mai gida ne ko na mai saye. Tunda la'adarsa kaso ce daga farashi, in an rage kashi 10, ɗaya bisa goma kawai ya rasa, in kuwa ciniki ya watse ya tashi a tutar babu. Shi dai a sa hannu. Wannan ma ya riga ya yi wa kowane ɓangare rantsuwa a ɓoye cewa nasa ne, kuma ya shirya karɓa daga duka biyun. Sai ya jefa tsohuwar dabara.

Dillali: Yallaɓai, ka dai hanzarta. Jiya wani ya zo, ya taya sama da kuɗin da Alhaji ya sa.

Alhaji: Wa?

Dillali: Wani… babban mutum.

Alhaji: A gidana aka taya, ni ban ji ba? Ɓoye min ka yi?

Dillali (cikin raɗa): Alhaji, dabara ce. Babu kowa.

Alhaji: Yanzu kuma babu kowa, don ka ga wannan ya yi maka alkawarin wani abu? Nawa ya taya?

Dillali: Alhaji, wallahi…

Alhaji: Na san za a rina. Tun da na ga wata baƙar mota ta rage gudu a ƙofa jikina ya ba ni.

Ɗan Boko: Ramin da ke ƙofar gidan ne ya sa ta rage gudu. Ni ma na rage.

Dillali: To a raba gardama, a haɗu a tsakiya. Kowa ya matso kaɗan.

Alhaji: Ni a tsakiya nake tsaye tun safe. Shi ya matso.

Ɗan Boko: Kashi 10, kuma ba zan ƙara ba. Zan ba da kafin alƙalami yau, da sharaɗin in banki ya ƙi, ko lauya ya ga matsala a takardun gida, a maido min. Tayina kwana 3 zai yi.

Alhaji: Kuɗin da ya shiga aljihuna bai san hanyar fita ba. Kwana 3 kuma ka ba wa mai bin ka bashi.

Ɗan Boko ya tattara takardunsa ya miƙe, domin doka ta ƙarshe ta ce ka nuna za ka iya tafiya. Ya taka a hankali zuwa ƙofa yana jiran a kira shi. Ya tsaya ya gyara igiyar takalmi, alhali takalmin ba shi da igiya. Babu wanda ya kira shi sai matarsa, wadda ke auna tagar falo da gyalenta.

Uwargida: Malam, in ka fita kai kaɗai za ka koma.

Ɗan Boko: Shi ke nan. Alhaji, na saya yadda ka sa. Da kashi 5 na Hajiya, da kuɗin fentin allo.

Dillali: Alhamdu lillahi! Alhaji, kawo hannu, ka sallama!

Alhaji: Albarka.

Dillali: Farashinka ne fa! Kai ka yanka shi da bakinka!

Alhaji: Da na yanka shi ban san da mutumin jiya ba. Mutum ya taya sama da haka, in juya masa baya don ba ya nan? Ni ba a san ni da cin amana ba.

Dillali: Alhaji, na rantse maka ni na ƙirƙiro shi!

Alhaji: To tunda kai ka san inda yake, ka kawo min shi gobe da safe. Ka ce masa ya ƙara kaɗan, akwai wani ɗan boko yana matsa min.