Injin ya zauna a mazauninsa, amma aiki bai ƙare ba

Masu akori-kura da yawa sun ɗauka cewa in dai injin gas, wato na dizal, ya shiga gaban mota an ɗaure shi, to shi ke nan. Sai ka ji masu son cire injin Toyota 5L su sa 1KD suna cewa, "Ai 5L da 1KD duk lita 3 ne, a sauya kawai." Ba haka abin yake ba.

Tsohon 5L na Toyota Hilux famfonsa ne ke tura mai, ba ya neman wayoyi da yawa. Shi kuwa 1KD yana da tabo, wato na'urar da ke ƙara tura iska cikin inji, kuma ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutarta, ita ce ke ba nozul umarni. In ba a kawo ta da wayoyinta da totur ɗinta na lantarki ba, ko tari injin ba zai yi ba.

Sannan ƙarfinsa ya fi na 5L nesa ba kusa ba. Tsohon kuloci zai fara santsi a hawa, ka ji ƙauri na shigowa ta taga, lagireto kuma ya kasa sanyaya injin. Abin da ya fi damuna shi ne birki, domin ba kasafai ake tuna shi ba, alhali motar za ta ɗauki buhuna da mutane a baya.

Kafin ka biya kuɗin inji, zauna da bakanike ku lissafa giyabos da sauran kayan, a kuma gyara lambar inji a takardun mota.