Nasiha ga masu zuwa kallon wasa a Njamena

Assalamu alaikum 'yan'uwa.

Sanyi ya shigo, kuma kowa ya san Disamba a Njamena watan shagali ne. Tun da aka fara bikin Dary a ƙarshen 2018, lardunan Cadi 23 kan zo kowanne da kiɗansa da rawarsa. Ga wasannin rawar zamani a cibiyar al'adun Faransa, ga mawaƙa na cika dandali kowane ƙarshen mako, har 'yan Kusiri ta Kamaru na tsallako gada don kallo. Yaranmu suna ciki tsundum, wasu 'yan kallo, wasu ma su ne a kan dandamalin.

Ba zan ce duk wanda ya motsa jikinsa ya halaka ba. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Habashawa sun yi wasa da māsu a masallaci, Nana A'isha tana kallo ta bayan Manzon Allah (SAW). A ƙasar nan ma, ɗan rawa Taïgué Ahmed ya kafa ƙungiyar Ndam Se Na a 2005, yana koya wa 'yan gudun hijira rawa a sansanonin kudu don rage musu raɗaɗin abin da suka gani. Hukuncin kayan kiɗa kuwa, mafi yawan malamai sun tsananta a kansa, wannan a je a zauna gaban malami, ba a kan Facebook ake yanke shi ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne salla. A ce ƙarfe biyar za a buɗe ƙofa. Saurayi ya shiga layi, tikiti a hannu, ya sha turare. Kafin shida ladan ya kira Magariba, yana ji sarai, amma ya dubi tsawon layin da ke bayansa ya ce bari dai in shiga tukuna. Isha ta zo lasifika na girgiza ƙirji, ba wanda ya ji ta. Ƙarfe biyun dare ya hau kilando (babur ɗin haya) ya koma gida, ya zube da takalmi a ƙafa, sai zafin hantsi ya tashe shi. Salla uku ke nan a kan tikiti ɗaya. Allah Ya ce a Suratul Nisa'i, aya ta 103, salla farilla ce mai ƙayyadadden lokaci a kan muminai.

Ku kuma masu rawar, wallahi na san wahalarku. Taku ɗaya sai ku maimaita shi har gwiwa ta kumbura, ba ku makara wajen atisaye ko da minti biyar, don mai koyarwa zai yi faɗa. To wanda ya iya wannan, raka'a biyun Asuba ba za ta gagare shi ba. Tirmizi ya ruwaito cewa ƙafafun bawa ba za su gushe ba ranar ƙiyama sai an tambaye shi rayuwarsa a me ya ƙarar da ita.

'Yan matanmu, ku tuna kowa a wurin waya ce a hannunsa. Rawar minti ɗaya kan kwana a TikTok, shekara biyar a tono ta ranar da aka kawo kuɗin gaisuwa.

Masu shirya wasa da ke cikinmu, ku kuke da wuƙa da nama. Ku ware gefe guda, ku shimfiɗa tabarmi, ku ajiye butoci da jarkar ruwa, a kashe kiɗa minti goma idan an kira salla, kuma wanda ya fita alwala a bar shi ya dawo da tikitinsa.