Baƙin da ke zuwa lambuna daga gida

Shekara tara ke nan ina zaune a gefen birnin Lesta da ke tsakiyar Ingila, kuma har yanzu watannin Maris da Afrilu suna ba ni mamaki, domin a daidai lokacin da mutanen Haɗeja ke fama da zafin bazara, kowa na neman inuwa da ruwan randa, a nan ƙasa farfaɗowa take yi daga sanyi. A ɗan lambun da ke bayan gidana, furen dafodil mai ruwan ɗorawa yakan buɗe a Maris, tulif ya biyo bayansa a Afrilu. Ana binne kawunansu kamar na albasa tun Oktoba, su sha sanyin hunturu a cikin ƙasa kafin su fito. Suna da kyau ƙwarai, sai dai a wurina ba su fi jajayen furannin ɗorawa masu reto ba, balle ƙamshin furen darbejiya da daddare.

Abin da ya fi kama zuciyata shi ne tsuntsayen da ke zuwa baƙunta. A ƙarshen Afrilu wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, wanda nauyinsa bai kai giram 20 ba, yakan sauka a shingen ƙayar da ya raba lambuna da gonar da ke baya, ya yi ta kuka tun da asuba. Irinsa a yankinmu na Sahel suke cin rani, sannan su ƙetare Sahara da Bahar Rum su zo nan su yi sheƙa. A shekarar 1969 waɗanda suka dawo Birtaniya sun ragu da fiye da kashi biyu cikin uku, kuma da masana suka bi sawu sai suka tarar farin da ya fara addabar Sahel ne sanadi. Farin da ya kashe shanun iyayenmu shi ne ya sa shingayen Ingila suka yi tsit. Duk ranar da na ji kukansa sai in ji kamar wani ne ya zo mini da gaisuwa daga gida.

Mutanen nan suna ƙirga baƙinsu. Tun 1979 ƙungiyar kare tsuntsaye ta Birtaniya, wato RSPB, ke roƙon jama'a su ware awa guda a ƙarshen Janairu su lissafa tsuntsayen lambunansu, kuma maƙwabtana suna ajiye musu hatsi da ruwa. Wannan bai wanke su daga laifi ba, don irin nomansu na zamani yana cikin abin da ya sa kurciyar da ke zuwa musu daga Afirka ta Yamma ta ragu da fiye da kashi 90 cikin 100.

Mu ma muna da wannan ilimi tun kafin a rubuta shi. Manomi yakan ga shamuwa ta sauka a bishiyar gari ya san damina ta ƙarato, ya gyara garma, kuma yaro ba ya kuskura ya ɗaga mata danƙo. Abin da ke damuna shi ne muna sakin wannan gado da hannunmu. Ambaliyar da ke ciyar da dausayin Haɗeja da Nguru, inda dubban tsuntsayen Turai ke sauka, ta ragu tun bayan gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ciyawar kacala kuma ta toshe hanyoyin ruwa. A cikin gari kuwa, duk wanda Allah ya hore masa sai ya sare bishiyar tsakar gida ya malale ko'ina da siminti, alhali gidan da ba ƙasa ba inuwa zafinsa ya fi tsanani, kuma tsuntsu ba ya sauka a cikinsa.

Da ƙanina ya kira ni a kan gyaran gidanmu na gado, na roƙe shi ya bar tsamiyar da mahaifinmu ya dasa, ya bar ƙasar da ke gindinta yadda take, a riƙa ajiye kasko da ruwa a wurin daga Maris har saukar damina. Ya amince, kuma 'ya'yansa ne ke cika kaskon kowace safiya kafin su tafi makaranta.