Vesak ba fitilu kaɗai ba ne

Rahotonku kan bikin Vesak a Siri Lanka ya yi kyau, sai dai kun tsaya kan fitilun takarda da aka rataya a titunan Kolombo, alhali wannan kwalliya ce kawai. Abu uku mabiya addinin Buda ke tunawa a ranar da farin wata ya cika, galibi cikin Mayu: haihuwar Buda a Lumbini ta ƙasar Nepal, wayewar da suka ce ya samu a gindin wata bishiya a Bodh Gaya, da rasuwarsa a Kushinagar, duka biyun a ƙasar Indiya. Furannin da suke kai wa wurin ibada ma da manufa, suna sane kafin gobe sun yi yaushi, tunatarwa ce cewa komai mai ƙarewa ne.

Masu tsananta ibada, yawanci dattawa cikin fararen kaya, kan yini a can, ba sa cin abinci daga tsakar rana sai wayewar gari. Gwamnati kan rufe mahauta da shagunan giya. Ni dai abin da ya fi burge ni shi ne rumfunan sadaka a bakin titi: shinkafa, shayi, a tare mai wucewa a ba shi, ba a tambayar addininsa. Tun 1999 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ranar.